Dawar da nake sayar wa kamfani: malt ake yi da ita ko giya? Ina neman shawara

Ɗan Layin Dawa ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya kai ni ga magana.

Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Shekara goma sha tara ke nan ina cikin kasuwar. Da yaron shago na fara a wurin ƙanin mahaifina, Allah ya jiƙansa, yanzu ina da sito biyu da yara huɗu a ƙarƙashina. Dawa ce ƙarfin sana'ata. Da kaka nakan tura yara Dandume da Funtuwa da Giwa su yi mini awo, in tara, in sayar wa duk wanda Allah ya kawo: masu abincin kaji, 'yan sari daga Nijar, wani lokaci masu kwangilar kayan agaji.

Shekara uku da suka wuce wani dillali ya haɗa ni da wani mutum mai sayen farfara tirela-tirela. Tun ranar farko na ga sayensa daban yake da na kowa. Zai soki buhu sama da ƙasa da tsakiya, ya auna danshi da 'yar na'urarsa, sannan ya ƙirga ƙwaya ɗari ya shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen tsumma ya rufe. Bayan kwana uku ya dawo ya ƙirga nawa suka tsira. In ba su haura casa'in ba, ko kyauta ka ba shi ba ya so. Tsohuwar dawa da ta sha maganin ƙwari ba ya kallonta. Na tambaye shi, don mai abincin kaji babu ruwansa da ko dawa za ta tsira. Ya ce kamfanin malt yake kai wa. Hankalina ya kwanta, tunda babu suna ko ɗaurin auren da za ka je a garin nan ba a raba lemon malt ba.

Cinikin kuma mai daɗi ne, ba zan ɓoye ba. Yana ɗora wani abu a kan farashin kasuwa saboda gyaran da muke yi, a tankaɗe a fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi. Ba ya cin bashi. Tirela ta tashi yau, jibi kuɗi sun shigo. Bara tirela goma sha ɗaya na loda masa, kowace buhu ɗari uku. Da ribar nan na rufe ɗakunan da na fara tun kafin korona, kuma da ita na biya wa mahaifiyata kujerar Umara da azumin da ya wuce.

Makon jiya direban da ya kai kayan ƙarshe ya zo karɓar cikon kuɗinsa, muna shan shayi sai ya ce mini, "Alhaji, ka kuwa san ƙofar da nake shiga da dawarka, ta nan motocin giya suke fitowa?" Tun daga ranar barcina bai cika ba.

Kamar an haɗa baki, kwana biyu bayan haka na shiga Sabon Gari sayen belin injin tankaɗe wurin wani Ibo da muka yi shekaru muna hulɗa, mutumin kirki ne. Ana maganar Hisba a rediyo, sai ya ce da ni, ba da faɗa ba: "Ku kuna fasa kwalba da rana, ƙarshen wata kuma gwamnatinku ta je Abuja ta karɓo harajin VAT na giyar da aka sha a Legas da Fatakwal." Na buɗe baki in ba shi amsa, na ga ba ni da ita.

To tambayata biyu ce. Ta farko, mene ne matsayin cinikin nan nawa, da kuɗin da na riga na ci, musamman Umarar tsohuwa? Ta biyu, maganar abokin nan nawa gaskiya ce? In gaskiya ce, albashin malamin makarantar 'ya'yana da kwaltar da ke bi ta ƙofar gidana duk akwai kuɗin giya a ciki ke nan? Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani yadda ɗan kasuwa zai gane. Zagi ba zai amfane ni da komai ba.

Baba Mai Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tambayarka ta farko gonar malamai ce, ba zan shiga ba. Ta biyun kuwa aikina ce, shekara talatin da ɗaya na yi a kan fayil ɗin haraji kafin in ajiye aiki.

Manyan haraji biyu ne a kan kwalbar giya. Na farko kwastan ke karɓarsa tun a bakin masana'anta, kafin kaya su fita. A 2018 gwamnatin Buhari ta yanka shi kwabo 30 a kan kowace santilita ta giyar kwalba, daga 2019 ya koma kwabo 35. Babbar kwalba santilita 60 ce, ka ga naira 21 ke nan a lokacin. An sake ɗaga shi daga baya. Wannan kuɗin asusun tarayya yake shiga, ya gauraya da kuɗin mai da kuɗin fito, a raba wa kowa.

Na biyu shi ne VAT ɗin da abokinka yake magana, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya lokacin saye. An fara karɓarsa a Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, ya koma 7.5 a Fabrairun 2020. Kwalbar da aka sayar naira dubu kafin haraji, naira 75 ke hawa kanta. Tsawon shekaru rabon shi ne tarayya 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. A cikin kason jihohi, rabi a raba daidai wa daida, 30 a bi yawan jama'a, 20 a bi inda kuɗin ya fito. Sabuwar dokar da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 ta mayar da shi tarayya 10, jihohi 55, ƙananan hukumomi 35, kuma a tsakanin jihohi 50 daidai, 20 yawan jama'a, 30 inda aka yi amfani da kayan.

Saboda haka abokinka bai yi ƙarya ba. Tukunya ɗaya ce, babu wani ludayi da ke tsame kuɗin giya gefe. Kano kuma da yawan jama'arta da ƙananan hukumomi 44, kasonta ba ƙarami ba ne. In wani ya ce maka babu ko kwabon giya a albashin ma'aikacin Kano, lallashinka yake yi.

Amma akwai abin da abokin naka bai faɗa ba, wataƙila bai sani ba. Abincin yau da kullum ba a ɗora masa VAT. Dawarka, da masara, da albasar Aliero, da tumatirin Kadawa, da shanun da ke cika tirela daga Maigatari da Potiskum zuwa Kudu, duk ba sa sa kwabo a wannan tukunyar. An yi haka ne don talaka ya ci abinci da sauƙi, kuma daidai ne. Sai dai sakamakonsa shi ne babban abin da Arewa ke samarwa ba ya fitowa a lissafin VAT, sai a riƙa yi mana kallon masu zuwa da kwano kawai. Sannan a tsohon tsari, katin wayar da ka saya a Dawanau da simintin da ka yi gini da shi, harajinsu a hedikwatar kamfani ake rubuta shi, yawancin hedikwatocin kuma a Legas suke. Kai ka biya, sunan wani ya hau takarda. Wannan ne ainihin abin da aka yi ta ja a kai tun daga shari'ar jihar Ribas ta 2021, lokacin da kotun tarayya a Fatakwal ta ce jiha ce ke da ikon karɓar VAT, har zuwa hayaniyar ƙarshen 2024 da gwamnonin Arewa suka ƙi yarda a ba inda kuɗi ya fito kashi 60. Giya dai ita ce ta fi daɗin ambato a rediyo. Rigimar ta albashi ce da ayyuka.

Ga wani abu da mutane ba su lura da shi ba. Kwalbar da aka murƙushe da katafila a Kano ta riga ta biya harajinta duka biyun. Kwastan sun karɓi nasu a masana'anta, kamfani ya caji VAT ranar da ya sayar wa dila. Gwamnati ba ta yi asarar wannan ba, kamfani ma ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya kwana ciki shi ne dilan da ya sa jarinsa, da mai motar da aka tsare.

Kuma maganar ta girmi kakanka. Bayan yarjejeniyar da Turawa suka yi a Brussels a 1890, Arewa ta zama yankin da aka hana shigo da barasar Turai. Kudu kuwa babban kaso na kuɗin shigarta daga fiton barasar da ake kawowa daga Holan da Jamus yake fitowa. Gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta a lokacin sai da tallafi daga Landan da kuma Kudu, kuma wannan na cikin dalilan haɗewar 1914. Wato shekara ɗari da ɗoriya ke nan ana wannan gorin.

Ra'ayina, tunda na tsufa ba na tsoron faɗa: abin yana da magani. Kamfanonin giya 'yan kaɗan ne, littattafansu a buɗe suke, ba wuya a sa su rubuta harajin barasa daban da na lemon malt. A ware shi, a raba wa jihohin da ke ba da lasisin sayar da ita. Ina so in ga gwamnoninmu sun nemi haka da bakinsu, sa'an nan su zauna a yi lissafin sauran da gaskiya.

Game da dawarka, abu ɗaya zan ƙara. Asali da tsiron sha'ir na ƙasar waje ake yin giya a Najeriya. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi don tattalin kuɗin waje, kamfanoni suka juyo kan dawa da masara. Ko da aka sassauta daga baya ba su saki dawa ba, don duk lokacin da dala ta tashi ita ce mai sauƙi. Kamfanin giya na Nigerian Breweries ya buɗe masana'anta a Kakuri ta Kaduna tun 1963. Cinikin da ka tsinci kanka a ciki tsoho ne, kuma ba kai kaɗai ba ne a layinku.

Ɗan Layin Dawa ya rubuta:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na karanta sau uku. Maganar cewa hatsi ba ya shiga lissafin VAT ban taɓa saninta ba, alhali a cikinsa nake kwana nake tashi.

Abu Hanan ya rubuta:

Ni dai ina roƙo kada zancen haraji ya sa a mayar da Hisba abin zargi. Ba da ka suke aiki ba. Majalisar jiha ce ta kafa hukumar a 2003, a 2004 aka yi dokar da ta hana sayar da kayan maye a jihar. Tun kafin nan ma, kundin Final Kod na Arewa da aka fara aiki da shi a 1960 ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha giya. Jama'ar Kano ne suka fito suka nemi Shari'a a 2000, ba wani ya ɗora musu ba. Ina cikin waɗanda suka ji daɗi ranar da aka fasa kwalba 240,000 a Nuwamban 2013, kuma har gobe ina kan haka. In rabon VAT ne matsalar, a gyara rabon kamar yadda Baba ya ce. Ba za mu buɗe mashaya a unguwanninmu don a daina yi mana gori ba.

Direban Dogon Zango ya rubuta:

Alhaji, ni direba ne, Legas zuwa Kano nake yi shekara goma sha huɗu. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani, ba ji na yi ba.

Sau biyu ana yi mini tayin lodin giya zuwa Kano. Kuɗin da aka sa mini ya kusa ninka na lodin taliya a hanya ɗaya. Na ƙi, don ubangidana ya ce ranar da na ɗauka in ajiye masa makullinsa, ni ma kuma ba na so. Amma akwai masu ɗauka. A jera katan-katan a ƙasa, a rufe da wani kaya a sama, a lissafa tafiya yadda za a shigo gari tsakar dare. Dila ya riga ya sa a ransa cewa cikin lodi kaza ɗaya zai iya faɗawa hannu, sai ya raba asarar a kan sauran. Kuɗin direba, kuɗin masu tare hanya, kuɗin asara, duk a kan mai sha suke ƙarewa. Shi ya sa duk wanda ya iya shigo da ita lafiya ribarsa ta fi ta dilan Ibadan.

Malam Abu Hanan, ba ina ja da kai ba ne. Dokar ta yi aikin da na yarda da shi: yaro ba ya tashi ya ga mashaya a bakin layinsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, wanda ya zauna a wasu garuruwan ya sani. Amma ka zo tasha da daddare ka ga abin da yaran mota suke sha. Ba kwalba ba ce. Ƙwaya ce, da sholisho, da maganin tari kafin a hana mai kodin a 2018, har yanzu ma ana samu a ɓoye. Waɗannan ba a lodinsu a tirela balle a tare, a aljihu suke tafiya. Yarona na farko da na koya wa tuƙi tiramol ce ta lalata shi, bai taɓa kai giya bakinsa ba.

Ɗalibi Daga Zariya ya rubuta:

Alhaji, Allah ya ba ka ladan wannan damuwa, don ita kanta alamar alheri ce. Ni ɗalibi ne, zan faɗi abin da na karanta a gaban malamai, hukuncin ƙarshe kuma ka zauna da malamin da ya san ka ya san kasuwarka.

Dawa halal ce, sayar da ita halal ne. Wanda ya zo ya auna mudu ko buhu ba a ɗora maka ka bi shi gida ka ga abin da zai dafa ba. Inda magana take shi ne in ka sani, ko zato mai ƙarfi ya rinjaya, cewa wannan mai sayen giya zai yi da ita. Malamanmu na Malikiyya sun yi misali da sayar da inabi ga wanda aka san matsa shi zai yi ya zama giya, suka ce bai halatta ba. Hujjarsu aya ta 2 a Suratul Ma'ida da ta hana taimakekeniya a kan saɓo, da hadisin da aka la'anci mutum goma a kan giya, ciki har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta. Ka lura hadisin bai tsaya kan mai sha ba, ya bi sana'ar tun daga tushe har aljihu.

Naka yana da sarƙaƙiya ta wuri ɗaya: kamfanin yana yin halal yana yin haram da tsiro iri ɗaya. Don haka kada ka tsaya kan maganar direba, kada kuma ka tsaya kan kalmar malt da aka faɗa maka shekara uku da suka wuce. Ka kira mai sayen ka tambaye shi kai tsaye. Abin da ya wuce kafin ka sani, ba a kama bawa da abin da bai sani ba, kuma kai ka ma tambaya aka ba ka amsa.

A kan harajin, akwai abin da zai rage maka nauyi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji wasu ma'aikatansa suna karɓar giya daga waɗanda ba Musulmi ba a matsayin jizya, su sayar da kansu. Ya hana su, ya ce su bar masu ita su sayar, su kuma su karɓi haƙƙin baitulmali daga kuɗin. Malamai sun yi bayani mai yawa a kan wannan, amma ko a haka ka ga akwai bambanci tsakanin hannun da ya ƙulla cinikin da baitulmalin da dukiyar jama'a iri-iri ta taru a cikinsa. Malamin makarantar 'ya'yanka guminsa yake ci. Abin da ke hannunka kai shi ne buhun da ke cikin sitonka.

Maman Godiya ta rubuta:

Sannunku. Ni Kirista ce daga Filato, ina zaune a Jos, na ga zancen ya taɓo abin da na sani shi ya sa na shigo. Alhaji, ka yi haƙuri in maganata ta ɗan kauce.

Mamata burkutu ta dafa fiye da shekara ashirin. Da shi ta biya mana makaranta mu biyar bayan rasuwar babanmu. Na san aikin tun ina 'yar firamare: a jiƙa jar dawa, a shanya a rufe da ganye har ta tsira, a busar, a kai niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, a tace. Kusan mako guda ana abu ɗaya, ga hayaƙi ga ɗiban ruwa ga kuɗin itace. Dusar kuma a sayar wa masu aladu. Ba wanda ya taɓa zuwa karɓar VAT a wurinta, tikitin kasuwa kawai take biya. Cocinmu ba ya yarda da sha ko dafawa, an yi ta yi mata magana, ita ma abin yana damunta, sai da babban wanmu ya fara aiki ta fasa tukwanen. Don haka nauyin da kake ji ban ɗauke shi wasa ba, na ga irinsa a fuskar uwata.

Dawar kuma a hannun Hausawa take saye. Akwai wani dattijo a kasuwa da ya ce mata, "Maman yara, na san abin da kike yi da jar dawa, ba zan sayar miki ba, amma masarar tuwo ko bashi kike so ki ɗauka." Haka suka yi shekaru. Ba ta taɓa jin haushinsa ba, da ya rasu har gida ta je gaisuwa.

Abin da nake so masu doka su duba shi ne wannan. Burkutu ba ya kwana biyu bai lalace ba, a ƙwarya ake sha, a zaune, a gaban mutane, kuma mai dafawa ta san ɗan wane ne ya zo. Abin da ya cinye mana samari shi ne goskolo, wata barasa mai ƙarfi da ake haɗawa a gida, da barasar leda. Da kuɗin da bai kai na biredi ba yaro zai saya ya sa a aljihun wandon makaranta. Ƙarfinta ya ninka na giyar kwalba sau da yawa, goskolo kuma ba wanda ya san me aka zuba a ciki. Kun tuna 2015 da ogogoro mai guba ta kashe mutane da yawa a Ondo da Ribas. Ƙanena shekararsa talatin da biyu hanta ta kashe shi, cikinsa ya kumbura kamar mai juna biyu. Ni na yi jinyarsa.

NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta zauna da kamfanoni tun 2018 aka ba su shekara biyar su daina zuba barasa a leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba. Da wa'adi ya cika aka fara kamawa a Fabrairun 2024, sai ga zanga-zanga, ana cewa ma'aikata za su rasa aiki, jari zai narke, har 'yan majalisa suka sa baki aka ɗaga ƙafa. Na san rashin aiki ba daɗi, ni 'yar mai burkutu ce. Amma duk lokacin da aka yi lissafin abin da barasa ke kawo wa gwamnati, ba na jin an sa kuɗin gadon asibitin da muka biya, da 'ya'ya biyu da ƙanena ya bari ina riƙo. A wannan wurin ni da Malam Abu Hanan da direba ba mu da nisa da juna.

Ɗan Layin Dawa ya rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai. Maman Godiya, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya marayun nan. Labarin dattijon nan mai masara ya tsaya mini a rai.

Ga inda aka kwana. Na bi shawarar Malam na Zariya na kira mutumin. Bai yi mini kwana-kwana ba, na yaba masa a nan. Ya ce dawar rumbu ɗaya ake zuba ta, a yi tsiro, wani ya tafi lemon malt wani ya tafi giya, kuma shi ba shi da ikon cewa buhun wane ga inda za shi. Na ce ko akwai wanda yake kai wa da lemo kaɗai yake yi? Ya ce a cikin masu sayensa babu.

Jiya bayan asuba na tsaya wurin malamin da nake ɗaukar karatu a gabansa na zayyana masa komai. Ya ce Umarar tsohuwa tana nan daram, ɗakunan ma in zauna a ciki da kwanciyar hankali, don na tambaya a lokacin kuma da abin da aka faɗa mini na yi aiki. Amma daga ranar da na ji amsar nan, hukuncin ya sauya. Ban ce wa mahaifiyata komai ba, kuma ba zan ce ba.

Akwai kafin alƙalamin tirela biyu da ya riga ya turo mini. Yau da safe na mayar masa. Dillalin da ya haɗa mu ya zo har sito yana faɗa, la'adarsa ce ta tafi, ya ce kafin la'asar wani a layinmu zai karɓi odar. Gaskiya ya faɗa, kafin azahar ma aka karɓa. Ban ce da maƙwabcin nawa komai ba, shi ma yana da malaminsa.

Na koma wurin abokina na Sabon Gari na ce masa maganarsa gaskiya ce, na kuma karanta masa abin da Baba ya rubuta a kan hatsi da shanu da katin waya. Ya yi shiru, sannan ya ce in dai za a ware harajin giya a ba masu sayar da ita, shi ba shi da sauran magana.

Yanzu ga ni da buhu ɗari shida na farfara 'yar bana, an tankaɗe an gyara, na kashe kuɗin leburori da na injin a kanta. Masu abincin kaji sun taya, amma farashin dawar da ba a gyara ba suke bayarwa, in na sallama zan yi asarar kuɗin gyaran gaba ɗaya har da wani abu a kan uwar kuɗi. Yaran sito kuma wata na ƙarewa za su zuba mini ido. In akwai wanda ya san masu sarrafa garin dawa na leda, ko masu garin kunun yara, ko masu sayen iri da ke neman mai tsira sosai, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Zan iya riƙe ta zuwa bazara in dai ƙwari ba su shiga ba, amma na fi son in juya kuɗin kafin kakar wake ta wuce.